Yaye Ya Matso, Gidan Gwaggo Ba Wuta

Zuwa ga Inna Zinariya,

Assalamu alaikum. Don Allah Inna ki taimake ni da shawara, kuma ki taimake ni da wuri, domin saura Juma'a uku a zo a ɗauki yarinyar da nake goyo, ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, ukun farko na hura wuta da su. In kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri, a kan faifai nake yinsa, yarinyar tana barci a ƙafata. Sunayen da zan ambata duk na aro ne.

Ni 'yar cikin birnin Zariya ce, shekarata ashirin da ɗaya, na gama firamare kafin a yi mini aure. Mijina Labaran ɗan gwaggona ne, kuma da sonmu aka yi. Muna haya a Tudun Wada, ciki da falo, a gida mai iyali shida. Tun da aka shiga wannan hada-hadar jiragen siminti ya sami aikin akawu a tashar jirgin ruwa a Ikko. Yakan zo sau ɗaya a wata uku, ya kwana huɗu, ya bar mini atamfa da gwangwanayen madara ya koma. Ba ni da ƙorafi a kansa, sai dai atamfa ba ta hira.

Yarinyar ita ce 'yar farina, kin kuwa san abin da wannan yake nufi a wajenmu. Ba na kiran sunanta, ba na yi mata wasa a gaban mutane. In ta faɗi a gaban manya sai in kau da kai, wani ya ɗaga ta. Haka na ga an yi mini, haka nake yi, ban taɓa jin nauyin abin ba sai yanzu.

Tun tana wata uku take tari. Ga ci kamar gara, amma jiki ba ya karɓa, ƙafafu kamar sillen kara, ciki a kumbure, bayan gidanta mai maiƙo da wari. An ce haƙori ne, an ce iska ce, an ce nonona ne ba kyau, na sha saiwoyi har harshena ya daina sanin ɗaci. Abin da ni kaɗai na lura da shi kuwa shi ne, in na sumbaci goshinta, a ɓoye mana, sai in ji gishiri a leɓena kamar na lashi kanwa. Da na faɗa wa wata likita a asibiti, sai ta ajiye alƙalami ta dube ni. Aka gwada gumin yarinyar har sau biyu. Sunan cutar na Turanci ne, na kwafo shi daga kati yadda na ji ana faɗa: sistik faibrosis. Likita ta ce ba kasafai ake ganinta a ƙasar nan ba. Ta ce kakin da ke ƙirjin yarinyar kauri gare shi kamar ƙaro, ba ya fita da kansa, in ya taru sai ya toshe mata hanyar numfashi ya jawo zazzaɓi. Ta ce ba a warkewa, lallaɓawa ake yi kullum. Ta ce ba a ɗauka, gadonta ake yi, kuma sai ta haɗu daga uwa da uba. Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi damuna, zan dawo kanta.

Labaran ya yi ƙoƙari, ya sa aka sayo wani inji daga waje. Ranar da aka shigo da kwalin matan gidan suka fito suna guɗa, sun ɗauka rakoda ce, tunda bana kowa ya samu ya sayi tasa. Ɗan akwati ne mai igiyar lantarki da tiyo da murfin roba. Ana ɗiga ruwan magani a ɗan kofinsa, a kunna, ya mai da shi tururi, a kifa mata murfin a hanci da baki ta shaƙa. Maganin yana narkar da kakin. Warinsa kuwa, Inna, ruɓaɓɓen ƙwai ne sak, ko kyankyasai sun yi ƙaura daga falona. In an gama sai in kifa ta a cinyata, kanta ya yi ƙasa, in lanƙwasa tafina in dinga bubbuga bayanta da haƙarƙarinta wajen minti goma sha biyar, tana kuka tana tari, har kakin ya fito. Safe da la'asar, kullum, babu Sallah babu Juma'a. In an yi haka sai ta wuni tana wasa kamar kowane yaro.

Nakan rufe ƙofa da taga in zan yi. Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: lokacin da injin yake ƙara, a lokacin nake kiran sunanta, in yi ta faɗa a kunnenta, tunda ba mai ji. Wannan rabin awar ce kaɗai nake uwa sosai.

To, ga abin da rufe ƙofa ya jawo mini. Maƙwabciyata Ishatu, wadda ɗakinta ke jikin nawa, ita ce ƙawata tun ina amarya. Tare muke tsefe kai, tare muke tsinke zogale, ba ta taɓa sauke tukunya ba ta aiko mini ba. Tana jin ƙarar inji, tana jin wari, tana jin tim-tim da kukan yarinya ta bango. Wata rana a bakin famfo ta ce da wata, ba ta dube ni ba amma da ni take, wai ita ta ga alkunyar ɗan fari iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wadda ake yi da duka safe da yamma ba. Wasu kuma suka ce tarin fuka ne muke ɓoyewa. Yanzu in na shanya kayan yarinyar, sai a janye na kusa da su. Ran Sallah na yi waina na aika ɗaki biyar, kwano uku suka dawo yadda suka tafi, ko murfin ba a ɗaga ba. Na zauna na ci wainata har na ƙoshi, sauran na ba awakin mai gidan haya, su dai ba su tambayi lafiyar kowa ba. Ban yi kuka a ranar ba sai washegari.

Na san za ki ce me ya hana in yi musu bayani. Da wane baki? Mace ta tsaya a tsakar gida tana zuba labarin 'yar farinta, ƙirjinta kaza, kashinta kaza? Da an ce ba ni da ta ido. Kuma ni ma ina da zuciya, wanda ya ɗauka zan iya dukan jaririya bai cancanci bayanina ba. Sai na ƙara ja wa ƙofata sakata. Yau wata biyar ke nan ba wanda ya zauna a tabarmata, ban da Gwaggo.

Gwaggo Rakiya ita ce uwar Labaran, kuma yayar babana ce. Tana zaune a Dutsen Abba, gidan ba a ja masa wuta ba, da fitilar ƙwai suke kwana. Ita ta haɗa aurenmu, ita ta yi mini wankan jego, tana son yarinyar nan kamar ta haɗiye ta. Takan zo duk bayan sati biyu da ƙullin dabino da ƙwan zabi. In na ji sallamarta sai in lulluɓe injin da mayafin tebur in ɗora tasa a kai. Har yau ita ma rakoda ta ɗauke shi, ta taɓa yi mini faɗa kada in dinga kunna waƙe-waƙe miji ba ya gari. Ta ce, ya jikin mutuniyar? In sunkuyar da kai in ce, da sauƙi. Me ake cewa in ba haka ba?

A damina aka ɗauke mana wuta kwana uku. Na yi ta bugun baya ba tururi, kakin ya ƙi motsi. A rana ta uku numfashinta ya koma kamar ana jan zarto, leɓenta ya yi duhu, muka kwana tara a asibiti. Gwaggo ta zo dubiya ta tsaya a kan gadon, yarinyar da ƙarin ruwa a hannu, ta tambaye ni jiki. Inna, na ce da sauƙi.

Makon jiya ta zo da maganar yaye. Yarinyar ta cika wata ashirin da biyu. Ta ce an sa rana, Malam zai yi rubutu, za ta zo da safe ta goya ta zuwa Dutsen Abba. Ta ce kuma ba yaye kaɗai ba, riƙo ne, 'yar fari ta kaka ce, yadda ni ma kakata ta riƙe ni. Ta ce iskar ƙauye da nonon shanu da turaren da za ta dinga yi mata a kasko su za su kori wannan tarin, ta riga ta ɗinka mata 'yar katifa. Tana faɗa tana murna, har da rawar kai. Ni kuwa da aka fara maganar 'yar fari sai na yi abin da aka koya mini, na tashi na shiga ciki kamar ba da ni ake ba. Da na fito ta ce Allah ya yi mini albarka, ita ta san ba zan ba ta kunya ba.

Na rubuta wa Labaran. Amsarsa layi huɗu ce: shi ba zai iya buɗe baki a kan 'yar fari a gaban mahaifiyarsa ba, ni da nake 'yar ɗan'uwanta na fi shi hanya, in yi dabara. Ya jefo mini ƙwallon ya koma ƙirgar buhunan siminti.

Kuma in na buɗe baki me zan ce? In na faɗi gaskiya duka, sai na ce ciwon daga jinin uwa da uba ne, jinin kuwa ɗaya ne, ita ta haɗa shi. Tsohuwar da ta yi mini komai in ɗora mata wannan? In na ce ba zan bayar ba, na zama 'yar boko marar kunya da ta hana kaka jikarta, zumunci ya tsinke ta kaina. In na yi shiru aka tafi da ita, na ga abin da kwana uku ba tururi suka yi. Har tunanin guduwa na yi, in goya ta in hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, sai na tuna ko unguwar da yake ban sani ba.

Kaɗaici ya ishe ni, Inna. Gida cike da mutane, ina jin dariyarsu ta bango, amma in wuni ban yi magana da kowa ba sai yarinyar da ba ta iya amsawa da injin da ba ya ji. Tsoro nake ji. Ki faɗa mini abin da zan yi kafin Juma'ar yayen ta zo.

Taki,
Mai Rufaffiyar Ƙofa, Tudun Wada.

*

'Yata Mai Rufaffiyar Ƙofa,

Wa alaikumus salam. Na tsallake wasiƙu goma sha ɗaya na ɗauko taki, saboda masu su za su iya jira, ke ba za ki iya ba. Kafin komai, sannu. Yarinya mai shekara ashirin da ɗaya, ita kaɗai, safe da la'asar ba fashi, ba mai ce mata an gode. Wannan aiki ne, Allah yana gani, ni ma yau na gani.

Yanzu ki gyara zama, don ba lallashi kaɗai zan yi ba.

Maganar farko ba ta da gardama: yarinyar nan ba za ta kwana inda babu injinta ba. Ni ba likita ba ce, amma ke da kanki kin ba da hujja, kwana uku ba wuta, kwana tara a gadon asibiti. Hayaƙin kasko kuma, ki tambayi likitarku, na tabbata za ta ce a nisanta shi da wannan ƙirjin. Yaye da nono ake raba yaro. Ba wanda ya ce a haɗa da numfashinsa.

Amma kada ki ɗauki Gwaggo abokiyar gaba. Ki duba da idonta. Jikarta tana tari, duk zuwan da ta yi an ce mata da sauƙi, ta ga rakoda a falo, ta ga yarinya ƙarama tana fama ita kaɗai miji yana Ikko. Me tsohuwar kirki za ta yi in ba ta ɗinka katifa ta zo ta sauke miki kaya ba? Hukuncinta daidai yake a kan labarin da aka ba ta, labarin ne ba daidai ba, ke kuwa kika ba ta shi. Haka Ishatu. Maganarta a bakin famfo ba ta yi kyau ba, da ta isa ƙawa da ta ƙwanƙwasa ta tambaya. Sai dai ki sa kanki a bayan bangon nan wata biyar, kina jin duka da kukan jaririya. Da ba ta damu ba ma, da shi ne zan ce ba mutuniyar arziki ba ce. Rashin sani ya fi dare duhu, ke kuma kika kashe musu fitila kina fushi sun yi tuntuɓe.

Ba zan zagi alkunya ba. Ɗan farina yau da furfura a gemunsa, har yanzu ban taɓa kiran sunansa ba, kuma ban ga abin da ya rage mu da shi ba. Amma an yi alkunya ne don uwa ta ja baya dangi su matso su riƙe mata ɗa. Taki ta juye, ta kori dangin ta bar ki ke kaɗai da sakata. Kunyar da za ta kai yaro kushewa ba tarbiyya ba ce, kuma barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ga abin da za ki yi. Kada ki jira ranar yaye, ranar da ta zo da zanen goyo da rubutun Malam, don hana ta a ranar tozarci ne. Cikin makon nan ki aika a ce kina roƙon ta zo ta wuni. Tunda bakinki ba ya iya dogon bayani, kada ki yi shi. In la'asar ta yi, ki yaye mayafin tebur ɗin, ki bar ƙofa a buɗe, ki ɗora mata yarinyar a cinya, ki kunna. Matar da ta yi wa 'ya'ya da jikoki surace da tafasasshen ganye ba za ta kasa gane wannan ba, surace ne na asibiti. Ki kama hannunta ki nuna mata yadda ake lanƙwasa tafi. Ta buga da kanta, ta ga abin da yake fitowa daga ƙirjin jikarta. Gani ya kori ji. Ƙofar kuma da na ce ki bari a buɗe, saboda Ishatu ne. In ta leƙo ki ce ta shigo ta riƙe miki tiyo. Ba sai kin ba ta haƙuri ba, ba sai ta ba ki ba, riƙon tiyon ya wadatar.

Ranar ganin likita ki tafi da Gwaggo. Abin da ya yi miki nauyi, ma'aikatan asibiti su faɗa mata, aikinsu ne. A nan ki tambaya ko lokacin yayen ma ya yi ga yarinya mai irin wannan jikin, da kuma abin da za ki yi duk ranar da aka sake ɗauke wuta, kada ki kuma zaman jira har kwana uku. Ki roƙi a rubuta miki a takarda cewa ciwon ba a ɗauka, ki ba mai gidan hayarku ya karanta wa mazan gidan.

Zancen jini kuwa, ba a ce ki yi ƙarya ba, ba a kuma ce ki fara da shi ba. In ta tambaya, gado ne daga Allah, ba wanda ya sani balle ya zaɓa. Gwaggo ta haɗa aure ne, ba ta haɗa ciwo ba. Ina kuma zaton kin raina ƙarfin tsohuwar nan. Matan da suka kai shekarunta sun ga abin da ya fi wannan, abin da ba sa yafewa shi ne a ɓoye musu.

Sannan kada ki ƙwace mata yayen, haƙƙinta ne. Ki juya shi kawai. Maimakon yarinya ta tafi gidan kaka, kaka ta zo gidan yarinya. Ta kawo katifar da ta ɗinka ta shimfiɗa a ɗakinki, a sha rubutun Malam a nan, ke ki tattara ki koma cikin birni wajen iyayenki na 'yan kwanaki, bayan kin tabbatar hannunta ya faɗa da injin. Nono ya yi nisa, wuta tana kusa, al'ada ta cika. Riƙo kuma, in ta ga abin da idonta, ina jin ita za ta fara cewa a bar shi, ko ta ce a nan za ta riƙe ta. In ta ce haka kada ki yi musu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malam Labaran, na san jaridar nan tana isa Ikko. Layi huɗu ba amsa ba ce. Ka nemi izini ka zo gida, ko ka rubuta wa kawunka ya tsaya a madadinka. Siminti ba zai ruɓe ba.

Saura abu ɗaya, 'yata, shi ne mafi wuya, kuma ba wanda zai yi miki shi. Sunan da kike raɗawa a ƙarƙashin ƙarar inji, ki ci gaba da abinki, wannan tsakaninki da ita ne, ban ce ki faɗe shi a gaban kowa ba. Amma ranar da Gwaggo ta zo, za ta ajiye dabinonta ta zauna, ta ce, ya jikin mutuniyar? Kanki zai sunkuya da kansa, amsar da kika saba za ta taho bakinki. Ki haɗiye ta. Ki ce, Gwaggo, ba sauƙi. Kalma uku ce, in kin faɗe su sauran duk zai biyo baya.

Allah ya buɗe ƙirjin yarinyar nan, ya ƙara wa hannunki ƙarfi, ya cika tabarmarki da mutane. Allah kuma ya nuna mana ranar da za a tambaye ki jikinta ki ce da sauƙi, ya zama gaskiya kika faɗa.

Innarki,
Zinariya.